BAYANI: Yadda za a ƙiyasta ainihin ƙarfin injin mota mai turbo daga bayanan da ƙwaƙwalwarta ke tarawa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen motar hannu wurin dillalan Zariya ko Kano ko Kaduna ya san yadda ake kuranta inji. Za a ce maka ƙarami ne amma yana da turbo, ba ya shan mai, ƙarfinsa kuwa ya kamo na mai silinda shida. In ka nemi hujja, sai a buɗe waya a nuna maka lambar da kamfani ya wallafa. Lambar gaskiya ce, sai dai ta sabuwar mota ce, wadda aka auna a ɗakin gwaji da man da ya dace da ita. Wadda ke gabanka kuwa ta yi shekaru a titunan Amurka ko Turai, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, yanzu kuma za ta zauna a Paki ko Makarfi ko Kudan, tana shan man da aka samu, tana shaƙar ƙurar hunturu.

Akwai kuma sabuwar sana'a da ta shigo, wato masu sake tsara ƙwaƙwalwar mota, abin da kanikawa ke kira birenbos. Za su karɓi kuɗi su ce sun ƙara wa inji doki talatin ko arba'in. Wanda ya biya ba shi da ma'auni sai jikinsa, alhali jiki yakan ruɗu: in aka sa totur ya riƙa amsawa da wuri, mota za ta yi kamar ta ƙara ƙarfi ko da ba a ƙara mata komai ba.

Na'urar da ke raba gardama ita ce dayino, wadda ake ɗora tayoyin mota a kanta a auna abin da suke bayarwa. Ba na'ura ce da ake samu a garejin karkara ba. To amma ita motar da kanta tana auna abubuwa da dama a kowace daƙiƙa, kuma wanda ya iya karanta su zai iya fitar da ƙiyasi mai amfani, matuƙar ya san inda ƙiyasin ke yin ƙarya.

Doki da sanda

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani kan ƙarfin doki, domin ƙasar rake ce, kuma da yawa sun ga yadda doki ke juya injin matsar rake a wurin yin mazarƙwaila. Ana ɗaura shi a ƙarshen doguwar sanda, yana zagayawa, sandar tana murɗa ƙarafan da ke matse raken. Ƙarfin jan dokin haɗe da tsawon sandar shi ne ƙarfin murɗi, wanda ake aunawa da niyutan-mita, ana rubuta shi Nm. Yawan raken da za a matse a wuni kuwa bai tsaya ga murɗin kaɗai ba, har da saurin zagayen. Murɗi sau saurin juyi shi ne ƙarfin aiki, wato abin da ake kira ƙarfin doki. Shi ma James Watt, injiniyan Sikotland da ya kafa wannan ma'auni a ƙarni na 18, da dawakin da ke juya injina ya yi kwatance, domin masu sayen injinsa na tururi su gane dawaki nawa zai maye musu.

Dokin Amurka da Ingila wat 746 ne. Na Turai, wanda Jamusawa ke rubutawa PS, wat 735.5 ne, daidai da ɗaga nauyin kilo 75 sama mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Bambancin kaɗan ne, amma shi ya sa mota ɗaya kan zo da lambobi biyu a intanet. Lissafin da ya haɗa murɗi da ƙarfi guda ne: a ninka Nm da yawan juyin inji a minti, a raba da 9,549, a sami kilowat. Wanda ya san biyu daga cikin ukun ya san na uku.

Amfanin turbo ya fi fitowa a murɗi. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya wata fanka, ita kuma tana juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji. Dabara ce da Alfred Büchi, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi wa rajista a 1905. Honda Accord ta 2017 mai injin lita 2.4 marar turbo tana da doki 185, murɗinta mafi girma kimanin Nm 245 ne, kuma sai inji ya kai juyi 3,900 ake samunsa. Ta 2018 mai lita 1.5 da turbo tana da doki 192 da Nm 260, kuma murɗin yana nan tun daga juyi 1,600 har zuwa 5,000. A takarda doki bakwai ne tsakaninsu. A hannun direba kuwa, wajen wuce tirela ko hawan tudu da kaya, bambancin ya fi haka nesa.

Inda ake ɗebo bayanan

Tun daga ƙirar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, sannan masu dizal daga baya. Yawanci tana ƙarƙashin sitiyari. A nan kanikawa ke soka sikana in fitilar inji ta kama, sai dai galibi abin da ake yi shi ne a karanta lambar matsala, a goge, a sallami mai mota. Kafar tana ba da fiye da haka. Da ƙaramar na'ura irin ELM327 da manhajar waya kamar Torque ko Car Scanner, ana iya naɗar bayanan inji yayin da mota ke tafiya, a ajiye su a jadawali.

Abubuwan da ake bukata ba su da yawa: juyin inji, gudun mota, nauyin iskar da ke shiga wanda allo ke nunawa da sunan MAF, matsin iska a bututun shiga wato MAP, zafin iskar, lokacin kunna wutar fulogi, da matsayin totur. Kada a zaɓi fiye da waɗannan. Na'urorin jabu masu araha sun cika kasuwa, kuma suna tambayar ƙwaƙwalwar abu ɗaya bayan ɗaya a hankali. In aka ɗora musu abu ashirin, juyin injin da ke layi ɗaya da awon iska zai zama na wani lokaci dabam, lissafi ya lalace tun daga tushe.

Ƙiyasi daga iskar da inji ya shaƙa

Injin fetur ba ya iya ƙona mai fiye da abin da iskarsa ta ba shi dama. Domin cikakkiyar ƙuna, giram ɗaya na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska. In aka take totur har ƙasa, injin turbo yakan ƙara mai ya koma wajen 12 bisa ɗaya, domin ya sanyaya silinda. Saboda haka wanda ya san iska ya san mai, wanda ya san mai kuma ya kusa sanin ƙarfi.

Ga misali. A ce jadawali ya nuna iska giram 150 a daƙiƙa lokacin da inji ke juyi 5,500. Cikin awa ɗaya ya zama kilo 540. A raba da 12, a sami kilo 45 na fetur a awa, wajen lita 60 ke nan, lita guda a kowane minti. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ƙaramin injin turbo ba ya shan mai: ba ya sha ne in an lallaɓa shi, kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da lita ke nufi. Saura a san giram nawa na fetur injin ke ƙonawa kafin ya ba da kilowat ɗaya na tsawon awa. Ga injin turbo da aka matsa wa, ana ɗaukar tsakanin 300 da 360. In aka ɗauki 330, sai a raba 45,000 da 330, a sami kilowat 136, wato doki 183. Murɗinsa a wannan juyi kuwa 136 sau 9,549 a raba da 5,500, wato Nm 236.

Masu harkar suna da gajeriyar hanya: a raba awon iskar da 0.8. A misalinmu zai ba da doki 188, kusa da na farko. Da ita ake zana murɗi layi bayan layi. In a juyi 3,000 iska ta nuna giram 88, doki 110 ke nan, kilowat 82, murɗi Nm 261.

Amma a lura da abin da ya faru a tsakiyar lissafin. Lamba ɗaya ba a auna ta ba, zato aka yi. Da an ɗauki 300 maimakon 330, da amsar ta zama doki 201. Da an ɗauki 360, da ta sauko 168. Daga jadawali guda ana iya fitar da tazarar doki 33, kusan daidai da abin da mai sake tsara ƙwaƙwalwa ke cewa ya ƙara. Duk wanda ya nuna maka lamba ɗaya tak daga wannan hanya, har da ɗigo, bai faɗa maka lambar da ya zata ba, to ya ɓoye rabin zancen.

Sannan sensar tana auna iskar da ta wuce ta ne, ba wadda ta isa silinda ba. In tiyon da ke tsakanin turbo da inji ya tsage ko ɗaurinsa ya saki, iska za ta zurare waje bayan an riga an ƙidaya ta. Jadawali zai nuna mota mai ƙarfi alhali tana ja da ƙyar. In kuma ƙura ta rufe siririyar wayar sensar, abin da ba baƙo ba ne a hanyoyin burji na ƙauyukan Ikara da rani, yawanci takan nuna ƙasa da gaskiya. Alamar duka biyun tana cikin gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta, wanda allo ke nunawa da LTFT: in ya wuce kashi 10 cikin ɗari, sama ko ƙasa, a gyara matsalar tukuna kafin a yi zancen doki.

In babu sensar nauyin iska

Wasu injina ba su da MAF, da matsi da zafi suke aiki. A nan mutum zai lissafa iskar da kansa. Injin lita 1.5 a juyi 5,500 yana zuƙar kimanin lita 69 a daƙiƙa, domin kowace silinda sau ɗaya take shaƙa a juyi biyu. In matsin ya kai kilofaskal 200, zafin iskar kuma digiri 40, kowace lita tana da nauyin giram 2.23. Jimla giram 153. Tun da silinda ba kasafai take cika fal ba, in aka ɗauki kashi 95 sai ya zama 145, a raba da 0.8, doki 181. Nan ma cikar silindar zato ce, don haka zato ya zama biyu.

Wannan lissafi yana bayyana abin da direbobin yankin suka daɗe da sani, cewa mota ta fi ja da asubar hunturu fiye da azahar ɗin Afrilu. In na'urar sanyaya iskar turbo ta gaza, zafin ya tashi daga 40 zuwa 60, nauyin iskar zai ragu da kashi 6 cikin ɗari a matsi ɗaya. Tudu ma yana da nasa. Ƙasar Zazzau ta fi mita 600 bisa teku, matsin iskarta kimanin kilofaskal 94, na Legas kuwa 101. Inji marar turbo yana asarar kusan kashi 7 na iskarsa a nan, babu makawa. Mai turbo yana iya cike giɓin, amma da ƙarin gudun fanka da ƙarin zafi. Lambar da kamfanonin Amurka ke wallafawa an daidaita ta ne bisa ma'aunin SAE J1349, wato digiri 25 da busasshiyar iska mai matsin kilofaskal 99, yanayin da Paki ba ta samu. Wani abin kuma: a tsarin OBD-II na gama-gari awon MAP ba ya wuce 255. In jadawali ya miƙe a kan wannan lamba, ma'aunin ne ya ƙure, ba turbo ba.

Zancen mai

Nan ne hanyoyin iska biyun suka fi rauni, kuma nan ne abin ya fi shafar mai mota a Najeriya. In fetur bai jure matsi ba, yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin silinda, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ba wannan ne abin da kanikawa ke nufi in sun ce inji ya buga ba, amma in ya daɗe can yake kaiwa, domin yana cin fistin. Akwai sensa mai sauraron wannan ƙara. Da ta ji, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta wutar fulogi don ta kare injin. Iska tana nan yadda take, mai yana nan, ƙarfi kuwa ya ragu. Lissafin iska ba zai ga wannan asarar ba sam.

Juriyar mai ita ce lambar okten, kuma akwai ruɗani a cikinta da ke jawo wa mutane asara. Mafi ƙarancin da aka gindaya wa fetur a Najeriya 91 ne a ma'aunin RON. Amurka da wani ma'auni take aiki, AKI, wanda lambarsa ke ƙasa da ta RON da huɗu zuwa biyar. Saboda haka 91 da aka rubuta a murfin tankin Mercedes C300 ta 2015 mai doki 241, ko Lexus NX200t mai doki 235, yana nufin wajen 95 ne a namu ma'aunin. Man gidan mai na yau da kullum bai kai abin da suke nema ba, ko da mai kyau ne, balle na 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Accord mai lita 1.5 kuwa 87 na Amurka aka tsara mata, wanda ya yi daidai da 91 namu. Ko man da ya biyo ta hanyar hukuma ma yakan zo da matsala: a farkon 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai metanol daga Antwerp ta Beljiyam, aka janye shi, dogayen layuka suka biyo baya.

Don haka layin lokacin wuta ya fi layin iska muhimmanci ga mai saye. A lafiyayyen gwaji, lambarsa tana hawa a hankali yayin da juyi ke ƙaruwa. In tana faɗuwa kwatsam da digiri uku ko huɗu sannan ta farfaɗo, injin yana kare kansa ne.

Abin da ya isa taya

Akwai hanyar da ba ruwanta da iska, ita ce ta nauyi da gudu da lokaci. A ce mota da direba da mai sun kai kilo 1,500, ta tashi daga kilomita 60 zuwa 100 a awa cikin daƙiƙa huɗu a giya ɗaya. Ƙarin kuzarin tafiyarta jul 370,000 ne. A raba da huɗu, kilowat 93. A ƙara wajen 8 na turjiyar iska da gogar taya, ya zama kimanin 100 a taya. Giyabos da sauran ƙarafa suna cin kashi 10 zuwa 15 a motar da ke ja da tayoyin gaba, don haka a bakin inji ana zancen kilowat 111 zuwa 118. Matsakaicin ƙarfi ne a tsakanin gudun biyu, ba ƙololuwa ba. Manhajoji irin Virtual Dyno suna yin lissafin layi bayan layi su fitar da ƙololuwar.

Kyawun wannan hanya shi ne mugun mai da tsagaggen tiyo ba sa ɓoyuwa a cikinta. Rauninta nauyi ne da hanya. Buhun masara mai kilo 100 da aka manta a but zai sa amsar ta ragu da kimanin kashi 6. Gangaren da ido ba ya gani, mita ɗaya cikin ɗari, yana ƙara ko rage doki huɗu. Shi ya sa ake yin gwajin zuwa da dawowa a wuri ɗaya a ɗauki matsakaici. Motoci masu giyar CVT, kamar yawancin Accord ɗin da aka ambata, suna canja rabon giya suna tafe, don haka sai an dogara da juyin da jadawali ya naɗa wajen fitar da murɗi.

Dole a faɗi gaskiya kan haɗarin gwajin. Dokar hanya ta hukumar FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. A motoci da yawa giya ta uku tana wuce 100 kafin inji ya kai ƙarshen juyinsa. Titin Zariya zuwa Kano da aka sabunta yana da santsi mai jan hankali, amma titi ne na masu babura da shanu da manyan motocin rake da tumatir, ga masu tsallakawa a Tashar Yari da Kwanar Dangora. Gwajin da ya tsaya a cikin doka, a giya ta biyu ko daga 60 zuwa 100, ya isa nuna murɗi da halin wuta, waɗanda su ne abin da mai saye ya fi bukata. Wayar kuma a hannun fasinja take zama.

Wasu sababbin motoci suna faɗin murɗinsu kai tsaye ta OBD-II, a matsayin kashi cikin ɗari na wata lamba da kamfani ya saka. Shi ma lissafi ne ƙwaƙwalwa ta yi daga iska da wuta, babu sensar da ta auna shi, kuma mai sake tsara ƙwaƙwalwa yana iya taɓa jadawalin da ake lissafin da shi. Masu dizal kuwa, irin Hilux da manyan motocin da ke kwasar amfanin gona daga kasuwar Makarfi, ba a raba iskarsu da 0.8, domin injin dizal kullum yana shaƙar iska fiye da bukatarsa. Nasu lissafin daga yawan man da ake fesawa yake farawa. Motar da aka mayar mai amfani da iskar gas ta CNG ma sai an canja lambobin.

Amfanin hanyoyin yana fitowa ne in an gwama su. Idan iska ta ce 185, gudu kuma ya ce wajen 180, kamfani ya ce 192, motar lafiya take, tazarar ta shekaru ce da zafi. Idan iska ta ce 200 gudu ya ce 150, a duba tiyo da layin wuta kafin a biya la'ada. Ga wanda zai kai motarsa a sake mata tsari, lambar ƙarshe ba ta kai bambanci muhimmanci ba, domin zaton da aka yi a gwajin farko shi za a yi a na biyu, kuskurensu ya kashe juna. Sai a naɗi gwaji uku kafin aiki, uku bayansa, a hanya ɗaya da giya ɗaya da man gida ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. In daƙiƙun 60 zuwa 100 ba su ragu ba, ba a ƙara komai ba. In sun ragu amma zafin iska ya haura, wuta kuma tana ta faɗuwa a tsakiyar juyi, a nemi ya mayar da tsarin kamfani, wanda ya kamata tun farko a sa shi ya kwafa ya ajiye kafin ya taɓa komai.